Gidan da Teloli Suka Gina: Tarihin Gidajen Gama Kai a Birnin New York



Da yawa daga cikinmu muna da ɗan uwa ko suruki ko abokin kasuwanci a Amurka, kuma da dama daga cikinsu a birnin New York suke, a Bronx ko Harlem. Wani lokaci sai ɗayansu ya bugo waya yana murna, ya ce ya sayi gida. Ka tambaye shi takardar fili, ya ce babu. Ka tambaye shi ko ya daina biyan kuɗin wata, ya ce a'a, duk wata yana biya. Ka ce to zai iya sayar wa wanda ya ga dama? Ya ce sai kwamiti ya yarda. A nan sai mutum ya yi shiru, ya ce a ransa an damfari bawan Allah.

Ba a damfare shi ba. Ya shiga wani tsari ne da ya haura shekara ɗari a wannan birni, wanda baƙi 'yan ci-rani suka runguma bayan da masu gidajen haya suka ishe su. Tunda mu ma a nan kudu yawancinmu a haya muke, kuma zancen muhalli ba ya barin bakinmu a taro, na ga ya dace mu san yadda abin ya faro, da waɗanda suka ci nasara, da waɗanda suka faɗi.

YADDA TSARIN YAKE

A gidan gama kai, ƙungiya ce take da ginin gaba ɗaya, da filin da yake kai, da rufi, da matakala, da bututun ruwa. Wanda ya shigo yana sayen hannun jari ne a ƙungiyar, sai hannun jarin ya ba shi damar zama a wani sashe, wanda muke kira fulat, muddin yana kiyaye dokoki. Duk wata kowa yana kawo kasonsa. Da wannan kuɗi ake biyan harajin gini, da inshora, da man ɗumama gida, da albashin ma'aikata, da bashin da ake bin ginin. Mazauna ne ke zaɓen kwamitin gudanarwa daga cikinsu. Ke nan mutum ɗaya shi ne ɗan haya, shi ne kuma mai gida tare da maƙwabtansa.

Iri biyu ne. Akwai na kasuwa, inda mutum zai sayar da hannun jarinsa a farashin da ya samu. Akwai kuma mai ƙayyadadden jari, inda mai fita zai karɓi abin da ya zuba kawai, ko da ɗan ƙari kaɗan, sai a ba na gaba a layi a kan wannan farashi mai sauƙi. Tarihin da zan bayar ya fi karkata ga na biyun, domin shi ne na talakawa.

TUSHEN ABIN

Asalin ƙa'idojin daga Ingila suke. A shekarar 1844, a garin Rochdale, wasu mutum 28, da yawansu masaƙa, suka haɗa fam 28 suka buɗe ɗan kanti suna sayar da fulawa da sukari da man shanu da kyandir. Suka kafa wa kansu sharuɗɗa: kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi ko nawa ya zuba, ƙofa a buɗe take ga mai son shiga, ribar da aka samu ana mayar wa membobi gwargwadon cinikin da suka yi, kuma ana ware wani abu don ilimantar da su. Waɗannan sharuɗɗa ne suka bazu a duniya. Mu ma a Najeriya dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko ta fito ne a 1935, zamanin mulkin mallaka.

A New York, 'yan ƙasar Finlan ne suka fara gwada tsarin a kan muhalli ba don riba ba. A 1916 iyalai 16 a unguwar Sunset Park ta Brooklyn suka zuba dala 500 kowanne, suka gina bene suka sa masa suna Alku, wato mafari a harshensu. Ginin yana nan har yau. Amma waɗanda suka ɗauki abin suka kai shi nesa su ne teloli.

TELOLIN GABASHIN MANHATTAN

Daga wajen 1880 zuwa 1924 Yahudawa masu ɗimbin yawa sun baro Rasha da sauran ƙasashen gabashin Turai saboda tsangwama da talauci. Da yawansu suka sauka a unguwar Lower East Side, suka shiga aikin ɗinki. Gidajen da suke haya irin waɗanda muka sani ne, ɗakuna a jere, banɗaki ɗaya a baranda na iyalai da yawa, wasu ɗakunan ko taga babu. Wurin aikin ma bai fi gidan ba. A ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, ta kashe ma'aikata 146, akasari 'yan mata, wasu saboda an kulle ƙofar fita.

Wannan wahala ce ta ƙarfafa ƙungiyoyin ƙwadago. Ɗaya daga cikinsu ita ce Amalgamated, ƙungiyar masu ɗinkin kayan maza, wadda aka kafa a 1914 ƙarƙashin Sidney Hillman. Ta buɗe bankinta a 1923. A cikin ma'aikatanta akwai wani mai suna Abraham Kazan, wanda aka haifa a kusa da birnin Kiev a 1889, ya zo Amurka yana matashi. Shi ne ke kula da asusun adashi da lamuni na ƙungiyar, kuma ra'ayinsa shi ne ma'aikaci ba zai huta ba in an ƙara masa albashi da safe, mai gida ya karɓe da yamma.

Dama ta samu a 1926, lokacin da jihar New York, ƙarƙashin gwamna Al Smith, ta yi dokar gidaje. Dokar ta ce duk kamfanin da ya yarda ribarsa ba za ta wuce kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ya ƙayyade kuɗin wata, za a sassauta masa harajin gini na tsawon shekaru. Kazan da mutanensa suka sayi fili a arewacin Bronx, daf da babban lambun Van Cortlandt. Kowane iyali zai zuba dala 500 a kan ɗaki ɗaya, sannan ya riƙa biyan dala 11 a kan ɗaki duk wata. Mai son sashe mai ɗaki huɗu ke nan zai nemo dala 2,000, sannan dala 44 a wata. Tela ba shi da dala 2,000 a ajiye, don haka aka shirya masa rance ta bankin ƙungiya, jaridar Yahudawa ta Forward kuma ta tsaya musu. Sauran kuɗin ginin kamfanin inshora na Metropolitan Life ne ya ba da bashi, aka jinginar da ginin.

A watan Nuwamba na 1927 iyalan farko suka tare. Sashe 303 ne a rukunin farko. An bar kusan rabin filin ya zama tsakar gida mai itatuwa da furanni, kuma kowane ɗaki yana da taga. Ga mutumin da ya tashi a ɗakin da rana ba ta shiga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba su tsaya kan gini ba. Suka buɗe kantin abinci nasu, suna sayen madara da ƙanƙara a dunƙule don samun rangwame, suka yi ɗakin karatu da makarantar renon yara, suka fitar da jaridar gida. Kazan ya dage cewa sai an riƙa koya wa mazauna ma'anar gama kai, in ba haka ba a hankali za su koma kallon kwamiti a matsayin mai gidan haya.

GIDAN DUNBAR A HARLEM

A daidai wannan lokaci wani labarin yana gudana a Harlem. Tun daga wajen 1916 baƙar fata suka riƙa barin kudancin Amurka suna gudun wariya, Harlem ta zama cibiyarsu. Da yake ba a ba su haya a yawancin unguwannin birnin, masu gidajen Harlem suka samu yadda suke so, suna karɓar kuɗi fiye da abin da farar fata ke biya a irin wannan ɗaki. Har al'ada ta fito ta yin biki a gida daren Asabar, a kira mai kiɗan fiyano, a karɓi kuɗin shiga a ƙofa, don a haɗa kuɗin haya.

Sai attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami, ɗan mai kamfanin man Standard Oil, ya gina rukunin gidaje tsakanin titi na 149 da na 150. Gine-gine shida ne kewaye da lambu, sashe 511, aka sa musu sunan marubucin waƙoƙi baƙar fata Paul Laurence Dunbar. Aka buɗe a 1928, kuma shi ne babban gidan gama kai na farko da aka gina domin baƙar fata a birnin. Mutum zai ba da kafin alƙalami, ya riƙa biya duk wata, bayan shekara ashirin da 'yan kai ginin ya zama na mazauna. Cikin 'yan watanni aka cike shi. Har banki aka buɗe a jikin ginin.

Manyan mutane sun zauna a ciki. Akwai W. E. B. Du Bois, malamin da ya ƙare rayuwarsa a Accra a 1963. Akwai mawaƙi Paul Robeson, da shugaban ƙwadago A. Philip Randolph, da Matthew Henson wanda ya yi tafiyar ƙarshen arewacin duniya tare da Robert Peary a 1909. Sai dai akwai bambanci da gidan teloli. Kuɗin na Rockefeller ne, shi ke riƙe da jinginar, kuma manajan da ke tafiyar da gidan, Roscoe Conkling Bruce, daga ɓangarensa aka naɗa shi. Mazauna masu gida ne a kan hanya, ba su kai ga riƙe linzami ba.

Na uku a labarin shi ne wani rukuni a titin Allerton na Bronx, wanda ma'aikata masu ra'ayin gurguzu suka gina daga 1926, mai sashe sama da 700. Su ma teloli ne Yahudawa akasari. Suna cikin na farko da suka gayyaci iyalai baƙar fata su zauna tare da su, a zamanin da hakan baƙon abu ne. Ƙa'idarsu ita ce ba za a taɓa korar ma'aikaci daga ɗakinsa don ya kasa biya ba.

RANAR GWAJI

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, tattalin arzikin Amurka ya karye. Masana'antu suka rufe, mutane suka rasa aiki, kuma gidajen nan uku duka suka shiga halin ni-'yasu, domin mai bin bashi ba ya jiran tela ya samu ɗinki.

A Harlem abin ya fi muni, saboda baƙar fata ake fara sallama a wurin aiki, su ake ɗauka a ƙarshe. Mazauna Dunbar da yawa suka kasa biya. A 1936 Rockefeller ya karɓe ginin bisa haƙƙin jingina, daga baya aka mayar da shi gidan haya. Shekara takwas kacal mafarkin ya yi. Ba za a ce laifin mazauna ba ne, domin rashin aiki ya fi ƙarfinsu. Amma lokacin da aka zo yanke hukunci, ba a hannunsu wuƙar take ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mutanen Allerton sun fi daɗewa. Sun riƙe alkawarinsu na rashin kora, amma asusu ya bushe. A 1943 aka kawo musu mafita: su yarda da ƙarin dala ɗaya a kan kowane ɗaki a wata, su ci gaba da riƙe gidansu. Suka yi taro suka ƙi. Ginin ya fita daga hannunsu, ya koma na masu haya. Zuciyarsu mai kyau ce, lissafinsu ne bai kai ba.

Amalgamated kuwa ta tsallake. Shugabanninta suka nemi sassauci daga masu bin bashi, suka yi amfani da asusun ko-ta-kwana da ribar kantinsu wajen tallafa wa waɗanda suka rasa aiki, suka jinkirta wa wasu biya, waɗanda suke da hali kuma suka ci gaba da biya a kan kari. Mazauna gidan har yau suna alfahari da cewa ba a fitar da kayan kowa waje ba a wancan zamani. Yanzu rukunin yana da iyalai wajen 1,500, kuma shi ne mafi daɗewa a cikin gidajen gama kai masu ƙayyadadden jari a Amurka. Su ma sun ji tausayin juna kamar mutanen Allerton, sai dai sun haɗa da ajiya da littafin lissafi.

BUNƘASA DA JARABAWAR RIBA

Bayan yaƙin duniya na biyu Kazan ya faɗaɗa aikin. A 1951 aka kafa gidauniyar United Housing Foundation, a 1955 kuma jihar ta yi dokar Mitchell-Lama mai ba da rance mai sauƙi don gidajen masu matsakaicin ƙarfi. Aka gina Penn South a Manhattan, sashe 2,820, wanda shugaba John Kennedy da kansa ya halarci buɗe shi a 1962. Aka gina Rochdale Village a Queens, sashe 5,860. Daga ƙarshe aka gina Co-op City a Bronx, sashe 15,372, aka fara tarewa a 1968. Girman ya zo da nasa ciwon kai. Kuɗin gini ya zarce lissafi, aka yi ta ƙara kuɗin wata, har mazauna suka daina biya na tsawon wata 13 daga 1975 zuwa 1976, suka karɓi ragamar gudanarwa da kansu.

Akwai kuma tabon da bai kamata a ɓoye ba. An rushe tsofaffin unguwannin talakawa don a gina wasu daga cikin waɗannan gidaje, kuma ba duk waɗanda aka tasa ne suka samu shiga ba. A 1977 wasu baƙar fata da 'yan Puerto Rico suka kai ƙarar gidajen gama kai na titin Grand a Lower East Side, suna zargin ana tsallake su a layi. Shari'ar ta ɗauki shekaru kafin a sasanta. Waɗanda aka tsangwama jiya suna iya rufe wa wasu ƙofa yau, in ba a sa ido ba.

Sai jarabawar riba. Unguwar Lower East Side da kowa ke gudu ta zama wurin da masu kuɗi ke rububi. Mazauna titin Grand suka duba suka ga sashen da iyayensu suka shiga da 'yan dubban daloli yanzu zai yi ɗaruruwan dubbai. A ƙarshen shekarun 1990 suka jefa ƙuri'a suka cire ƙayyade farashi. Waɗanda suke ciki a lokacin sun yi arziki, amma tela na yau ba zai iya shiga gidan da teloli suka gina ba. Mutanen Penn South kuwa sun sha jefa irin wannan ƙuri'a, kowane karo suna zaɓar su bar farashin a ƙayyade, duk da cewa unguwarsu ta Chelsea tana cikin mafi tsada a birnin. Kowane ɓangare yana da hujja. Wanda ya sayar yana cewa gadon 'ya'yansa yake nema. Wanda ya ƙi yana cewa shi ma don wani ya haƙura ne ya samu shiga.

Wata hanyar ta buɗe a shekarun 1970, lokacin da birnin ya kusa tsiyacewa, masu gidaje a Harlem da kudancin Bronx suka riƙa gudu suna barin gine-ginensu, wasu ma suna ƙonewa. Hukumar birni ta karɓe su saboda bashin haraji. Daga 1978 aka fito da shirin koya wa 'yan haya tafiyar da gini, sannan a sayar musu da kowane sashe a kan dala 250. Ta haka gine-gine sama da dubu suka zama na gama kai, akasarinsu tsofaffin benaye a unguwannin da mutanenmu suka zo suka tarar.

ZAMA A CIKI A YAU

'Yan Afirka ta Yamma sun fara yawaita a Harlem daga shekarun 1980. 'Yan kasuwar Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suna cikin masu kasa kaya a titi na 125, har zuwa watan Oktoba na 1994 da magajin gari Rudolph Giuliani ya tashe su, aka mayar da da yawansu kasuwar titi na 116 da masallacin Malcolm Shabazz ke kula da ita. Da haya ta yi tsada a Harlem, da dama suka haura Bronx. Wanda Allah ya hore wa a cikinsu ya nemi shiga gidan gama kai, ga abin da zai tarar.

Da farko akwai tantancewa. Kwamiti zai nemi takardun harajinsa da bayanin asusun banki da wasiƙun shaida, sannan a kira shi a yi masa tambayoyi. A gidajen kasuwa kwamiti yana iya ƙin mutum ba tare da ya faɗi dalili ba, ko da yake doka ta hana ƙi saboda launin fata ko addini. Tsohon shugaban ƙasa Richard Nixon ma ya nemi saye a wani gini a Manhattan a 1979, mazauna suka nuna ba sa so, ya haƙura. A gidaje masu ƙayyadadden jari kuwa layi ake bi, kuma ana iya shekaru ana jira. Wannan tantancewa tana wahalar da ɗan kasuwar da cinikinsa na hannu da hannu ne, ba shi da takardar albashi.

Sai tsufan gini. Bene mai shekara tamanin ko ɗari yana da kauri da faɗin ɗakuna da ba a samu a sabon gini, amma kullum da abin gyara. Wasu hawa biyar ne ko shida babu lif, tsohuwa da mai ciki duk da ƙafa za su hau. Ɗumi daga wata babbar tukunya yake zuwa a ƙarƙashin ƙasa, tururi ya bi bututun ƙarfe yana ƙara cikin dare, wani sashe ya yi zafi har a buɗe taga, wani kuma a kwana da bargo biyu. Doka ta wajabta ɗumama gida daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Wannan ba wasa ba ne. A ranar 9 ga Janairu 2022 gobara ta tashi daga wata na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki a wani dogon gidan haya a Bronx, hayaƙi ya bi ƙofofin da suka ƙi rufuwa, mutum 17 suka rasu, akasari Musulmi 'yan asalin Gambiya, takwas daga ciki yara. Allah ya jiƙansu. A gidan gama kai, duba tukunya da ƙofa aikin mazauna ne, babu wani mai gida da za a ɗora wa laifi.

Gyara kuma kuɗi ne. Duk ginin da ya haura hawa shida dole a duba bangonsa na waje kowace shekara biyar. In ginin yana cikin waɗanda aka ayyana na tarihi, kamar Dunbar da aka ayyana a 1970, ko taga ba a canjawa sai da izinin hukumar adana gine-ginen tarihi, wadda aka kafa a 1965. In rufi ya lalace kuma asusu babu kuɗi, sai a yanka wa kowa ƙarin kaso. Ita kanta Amalgamated a 'yan shekarun nan tana fama da tsofaffin bututun gas da tsadar inshora da bashin gyara, har an ƙara wa mazauna kuɗin wata sosai. Tambayar da ta kayar da mutanen Allerton a 1943 ba ta tafi ko'ina ba.

Akwai dokokin zama da ke cin karo da al'adarmu. Yawancin gidajen ba sa barin mutum ya ba da hayar sashensa ya tafi gida ya yi shekara biyu, kuma suna ƙayyade yawan mutanen da za su zauna a ciki. Mu kuwa baƙo ba ya rasa shimfiɗa a gidan Bahaushe. Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya biyu. Bashin da ke kan ginin mai kuɗin ruwa ne, kuma wani ɓangare na kuɗin wata can yake tafiya. Sannan in mutum ya rasu, magada suna da haƙƙin kuɗin jarinsa, amma zama a sashen yana bin dokar gidan. Waɗannan sai a zauna da malamai kafin a sa hannu.

ABIN DA YA SHAFE MU

Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916, shekarar da 'yan Finlan suka gina Alku. Kakanninmu sun zauna a Agege da Shagamu kan cinikin goro tun kafin a haifi iyayenmu. Duk da haka har yau da yawanmu kuɗin shekara muke haɗawa mu kai wa mai gida da ejan, kuma ranar da ya ce zai rushe ya yi shaguna, sai mu kwashe kaya. Adashi mun iya shi, haɗa kuɗin masallaci da na kai gawa gida ma mun iya. Abin da ba mu saba ba shi ne haɗa kuɗi a kan abin da zai shekara hamsin, a rubuce, da rajista, da mai binciken lissafi.

Duk ranar da maganar sayen fili ko gini na haɗin gwiwa ta taso a taronmu, ina roƙon a tuna da gidajen nan. Takardar mallaka ta fito da sunan ƙungiya mai rajista, kada ta fito da sunan wani attajiri ko shugaba komai kirkinsa, domin mutanen Dunbar ma mai kirki suka samu. A ware asusun gyara tun daga watan farko, kuma in lissafi ya nuna sai an ƙara kuɗi, a ƙara. A rubuta tun kafin a aza tubali yadda za a yi da wanda ya kasa biya, da wanda yake son fita, da wanda ya rasu ya bar magada. A kuma yanke tun yau ko za a bar mutum ya sayar a farashin kasuwa, domin ranar da filin ya yi daraja ba za a iya yin wannan magana cikin natsuwa ba.

Waɗanda suka taɓa zama a irin waɗannan gidaje, ko suke da 'yan uwa a ciki, su taimaka mana da abin da suka gani. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa muhallin kansa.